Kwaɗin Makwararar Alwala

Ɗaya daga cikin butocin da aka jera a gindin famfo ba ta da murfi, sai wani ya toshe mata baki da totuwar masara. Ummuhani ta gan ta ne a wucewa, tana rungume da littattafan aji za ta bayan lekol, makarantar da take koyarwa, ta ce a ranta ko ma wane ne ya yi wannan dabara ya san abin da yake gudu. Butocin roba ne masu ratsin kore da fari, kuma da wuya a samu wadda kwaɗo bai taɓa kwana a cikinta ba.

Ita kanta ba ta ƙaunar kwaɗo. Ta yi karatun ilimin halittu a jami'a har ta gama, ta feɗe kwaɗo da hannunta ta zana hanjinsa a takarda, amma duk wannan bai cire mata ƙyanƙyaminsa ba. Fatar nan mai ƙuraje, maƙogwaron nan da yake kumbura yana saɓewa, da yadda yake zama ya zuba wa mutum ido kamar ya san sirrinsa, in ta gani sai ta ji tsigar jikinta ta tashi, yawu ya taru mata a baki. Sai dai ta san abin da kwaɗin suke yi mata a lambu, don haka take kauda kai ta bar su.

Lambun ba wani babba ba ne. Wani siririn fili ne tsakanin wurin alwalar makarantar da katangar da ta raba su da bayan shagunan Titin Koudoukou. Kafin ta zo, jar ƙasa ce kawai da fasassun kwalabe da ledoji, sai ruwan alwalar ɗalibai da yake malalowa kullum da azahar ya kwanta ya yi gansakuka. Ruwan ne ya fara ba ta shawara. Tsakiyar rani, a unguwar Sankilo ta Bangui kowa yana jan jarka a kan kura, amma nan ga ruwa yana zuba a banza.

Mai makarantar, Alhaji Ɗantsoho, abokin mahaifinta ne, yana da babban shagon sarin shinkafa da sukari a kan titin. Ranar da ta je roƙonsa filin, kanta na ƙasa tana murza gefen mayafi, sai da ya sa ta maimaita maganar don bai ji ba. Ya gaya mata cewa shi a ransa siminti yake son malalawa a wurin, a faɗaɗa wurin alwala, don yara sun yi yawa suna tattake juna. Amma tunda 'yar abokinsa ce, ya ba ta zuwa ranar rabon sakamako a ƙarshen shekara. In iyaye suka zo suka ga abin da za a iya sawa a tukunya, lambu ya zauna. In ba haka ba, magina za su shigo.

Ita da ajinta suka tsince kwalabe, suka haƙa makwarara daga gindin famfo har ƙarshen katanga, suka yi 'yar rijiya a tsakiya inda ruwa zai taru. Suka shuka kuɓewa da alayyafo da yakuwa, da tumatir, da gyaɗa a tsakanin layuka, sai rogo a can kusurwa don yaran sun nace sai an yi miyar ngunza da ganyensa.

Daga nan lambun ya zama littafinta. Ba ta iya dogon jawabi a gaban allo, muryarta takan maƙale, amma in ta tsuguna a gindin shuka sai magana ta zo mata. Ta nuna musu tumatirin da ke ƙarƙashin inuwar mangwaro, yadda ya yi tsawo ya rame yana karkata wajen rana, alhali ɗan'uwansa na fili gajere ne kakkaura. Ta tuge gyaɗa guda ta nuna musu ƙullutun da ke jikin saiwarta, ta ce nan ne ake dafa wa ƙasa abinci, shi ya sa alayyafon da ke kusa da ita ya fi duhun ganye. Ta nuna musu tururuwa tana kiwon wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe a ƙarƙashin ganyen kuɓewa kamar yadda ake kiwon shanu, tana tatsar zaƙin da suke fitarwa. Yaran suka yi ta dariya suna fassara wa juna da yaren Sango, don yawancinsu Hausar sai a gida wajen kakanni.

Da farko dodon koɗi da tsutsa sun so su cinye komai. Kowace safiya ganye a huje yake, ga sawun yauƙi yana sheƙi a kansa. Sai kwaɗi suka iso, ba wanda ya san daga ina, suka zauna a bakin rijiyar da ƙarƙashin duwatsun makwarara. Ba a jima ba sabbin ganyaye suka fara fitowa lafiya lau. Wata rana ta sa tsinke ta farfasa kashin kwaɗo a kan takarda, hancinta a toshe da mayafi, ta nuna wa ajin fukafukan ƙwaro da ɓarɓashin katantanwa a ciki.

"Madam," in ji wata daga baya, "tunda ma'aikatanki ne, ki ɗauki ɗaya ki gaishe shi mana."

Aji ya fashe da dariya. Ummuhani ta yi murmushin yaƙe ta ce ma'aikaci nagari ba ya son a dame shi a bakin aiki. Amma har ta koma ɗakin malamai tana wanke hannun da bai taɓa komai ba.

Abin ya lalace ne wata Alhamis da azahar. Malam Abdulsamad, malamin Larabci da fiƙihu, ya tsuguna zai yi alwala. Dattijo ne mai tsafta, farar jallabiyarsa ko ɗigo ba a gani, kuma shi ya ɗora wa Ummuhani karatu tun daga haruffan farko, har yanzu sai ta durƙusa take gaishe shi. Ya karkata buta, ruwa ya ƙi zuwa. Ya girgiza, ya ƙi. Ya cire murfi ya tuntsurar da ita a tafin hannunsa zai kurkure baki, sai ga ƙaton kwaɗo ya faɗo masa a hannu, ya yi masa fitsari, ya dira kan cinyarsa. Yaran da ke layi suka danne dariya har wasu suka shaƙe, ɗaya ya kasa, shi ke nan duk suka saki.

Bayan salla aka taru a gindin mangwaro, Alhaji a kan kujerar roba, malamai a tsaye. Alhaji ya ce abu mai sauƙi ne, a ba manyan yara sanduna su gama da su kafin a tashi. Malam Abdulsamad ya ɗaga hannu ya ce sam, ba za a yi haka a makarantar da yake koyarwa ba. An hana kashe kwaɗo, shi da bakinsa ya karantar da yaran nan haka, ba zai yarda a sa su ɗauki alhaki ba. Ruwan butar ma, ya ce, bai ɓaci ba a hukunce, mai tsarki ne, sai dai rai ba ya so.

Ummuhani ta ji sanyi a ranta. Sai Malam ya ci gaba. Ya ce abin da ya dace shi ne a kore su ba tare da an taɓa su ba. Ɗan ƙanwarsa yana gyaran babur a bakin titi, yana da baƙin mai jarka-jarka wanda aka juye daga inji. In aka zuba a makwarara, kwaɗo ba ya son warin, zai tattara ya tafi da ƙafarsa, sauro ma ya huta da haihuwa a wurin.

Alhaji ya juyo. "Malama 'yar jami'a, akwai magana?"

Ta ji idanu sun yi mata yawa. Ta ce, "Baba, ruwan nan shi ne yake shiga lambu. Kuma kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, da ita yake numfashi. In mai ya taɓa shi, ba zai iya tafiya ba."

"Ummu," Malam ya ce a hankali, da muryar da yake gyara mata karatu tana ƙarama, "ai ba a jikinsu za mu zuba ba. A ruwa za mu zuba. Wanda ya ga ba zai iya ba, hanya a buɗe take."

Ta ce to ko a riƙa kife butocin bayan salla, waɗanda ba su da murfi a toshe su da totuwa kamar waccan. Alhaji ya dubi butar ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce makaranta guda ta koma kamar rumbun ƙauye, iyaye su zo su ga totuwa jere. Ya ce ɗan mai kaɗan ne, ruwan sama zai wanke. Ya tashi, kujera ta yi ƙara, magana ta ƙare.

Ranar Litinin tun daga ƙofa ta ji warin. Warin gareji ne gauraye da na mushe. Makwararar ta zama baƙa wuluk, saman rijiyar yana sheƙi da launuka kamar wuyan tantabara. Kwaɗin ba su tafi ba. Suna nan a bakin ruwa inda suka yi ƙoƙarin fita, wasu a rigingine, ciki fari a kumbure, ƙafafu a miƙe kamar masu roƙo. Wasu sun kai rabin hanya zuwa layin yakuwa kafin su tsaya, sun bar baƙin sawu a bayansu. Talibambam sun taso sama sun yi kauri kamar tsakin kunu. Tanar ƙasa ma ta fito ta miƙe ta mutu a kan laka. Ƙudaje koraye manya sun riga kowa zuwa, kuma a bakin wani kwaɗo har tsutsa ta fara motsi.

Ummuhani ta jingina da katanga ta yi amai.

Khadija, malamar Faransanci, ita ce ta kawo mata ruwa a kofi, hancinta a toshe. Ta ce wannan wari ai ko mahauta ba su kai shi ba, ta ce ita a bayan gidansu a unguwar Miskine kwaɗi har hana su jin rediyo suke yi, ba wanda ya taɓa tunanin yi musu wankan inji. Ummuhani ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko shebur ta fara kwashewa. Ba ta bar yaran sun taɓa ba, ta ce su tsaya daga nesa. Duk wanda ta ɗaga sai ya zame ya faɗo, wani cikinsa ya fashe. Ta haƙa rami a wajen katanga ta zuba su.

Tana cikin haka Malam Abdulsamad ya zo wucewa, carbi a hannu, yana tattare jallabiya kada ta taɓa laka. Ya leƙa ramin, fuskarsa ta ɗan canza, sai ya gyara ta. Ya ce Allah Sarki, waɗannan ajalinsu ne ya riske su, da sun bi hanya da sun tsira kamar sauran. Ta so ta tambaye shi waɗanne sauran. Ta dubi hannunsa, fari tas, farce a yanke. Ta durƙusa da shebur a hannu ta ce, "Ina kwana, Malam." Ya amsa ya sa mata albarka.

Ta yi abin da za ta iya. Ta toshe makwararar da buhunan yashi, ta kwashe baƙar lakar saman rijiya, ta sa aka riƙa ɗebo ruwa da bokiti daga famfo. Amma damina ta riga ta sauka, kuma ruwan Bangui in ya tashi zuba ba ya shawara da kowa. Ruwa guda ya ɗauki man ya shimfiɗa shi a layukan da ke kusa. Tumatir ya yi rawaya daga ƙasa zuwa sama, ya saki 'ya'yansa tun suna kore. Gyaɗar da ta tuge ta duba, saiwarta ta yi baƙi ta yi laushi, ƙullutun sun ruɓe suna wari. Ƙasar da a da take da taushi tana farfashewa a hannu ta dunƙule ta zama kamar sabulu, ruwa yana gudu a kanta ba ya shiga.

Layukan can nesa, inda man bai kai ba, su ta sa wa rai. Kuɓewar ta yi fure, alayyafon ya kai gwiwa. Sai dai yanzu ba mai gadi. Dodon koɗi ya fito daga ƙarƙashin katanga, ƙanana kamar ƙwayar wake da manya kamar dunƙulen hannu, suka hau komai. Tsutsa koriya ta naɗe ganyen kuɓewa ta shige ciki, wata launin ƙasa tana yanke ƙananan shuka daga tushe ta bar su kwance. Kowace safiya kafin a shiga aji, ita da yaran sukan bi layi suna tsincewa a bokiti. Yauƙin yakan manne a yatsu, sabulu ba ya fitar da shi sai an goga da toka. Dodon koɗin sukan hau junansu a cikin bokitin suna kumfa, suna miƙo ƙahonni. Yaran suka ce a kai tsutsar kasuwa a ce makongo ce, irin tsutsar da ake ci a garin, masu ci su saya. Khadija ta ce wannan ko mayunwaci ba zai kalle ta ba.

Suka yi ta tsincewa, washegari kamar ba a taɓa ba. Abin da kwaɗi suke yi shiru ba a gani, aji guda da malamarsu suka kasa. A hankali yaran suka fara zamewa, wannan ya makara, wancan hannunsa na ƙaiƙayi. Ba ta ga laifinsu ba. Alayyafon ya koma jijiyoyi kamar tsohuwar raga. Furen kuɓewa yakan buɗe da safe, kafin azahar an cinye shi. Rogon kaɗai ya tsaya a kusurwarsa, shi ma ganyen duk sawun yauƙi.

Duk wannan lokaci Malam Abdulsamad yana alwalarsa cikin natsuwa. Yakan cire murfin buta ya leƙa, bisa sabo, ya ga ruwa garau, ya yi hamdala.

Ranar rabon sakamako aka kafa rumfa a tsakar makaranta, aka jera kujeru, iyaye mata a gefe da manyan mayafai, maza a gaba. Aka yi jawabai da Faransanci da Sango, aka raba kyaututtuka. Da aka gama, Alhaji Ɗantsoho ya ja wasu iyaye maza zuwa bayan gini, Malam Abdulsamad na biye, aka aika a kira Ummuhani. Tun kafin ta ƙarasa ta hangi buhunan siminti a jingine da bango an rufe su da tamfol. Ba ta san yaushe aka kawo su ba.

Mutanen suka tsaya a kan dakalin alwala don kada takalmansu su ɓaci. A gabansu karare ne tsirara, da baƙar ƙasa mai ƙyalli, da fanko-fankon katantanwa. Wani ya tofar da yawu. Wani ya ce ai wannan wuri matattarar cuta ce, a bakin inda yara suke tsarki.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata," Alhaji ya ce, kuma da gaske yake, har da tausayi a muryarsa. "Ƙasar nan ce ba ta karɓar shuka. Tun farko na ga alama, na dai bar ki ne ki gwada."

Malam Abdulsamad ya gyaɗa kai. Ya ba iyayen labarin kwaɗin da suka addabe su, da yadda aka so a sa yara su kashe su da sanda ya hana. "Alhamdu lillahi," ya ce, "muka rabu da su lafiya, ko ɗaya ba mu ɗaga wa hannu ba."

Iyayen suka yaba. Ɗaya ya ce irin malaman da ake nema ke nan. Ummuhani ta dubi Malam, shi kuma ya dube ta da murmushinsa na kullum, ta gane cewa ba ƙarya yake yi ba, haka abin yake a wurinsa. Wannan ya fi komai tayar mata da zuciya.

Kiran sallar azahar ya taso daga Masallacin Koudoukou. Mazan suka nannaɗe hannun riga, kowa ya ɗauki buta, ruwa ya fara zuba yana bin tsohuwar makwarara ya tsaya a jikin buhunan yashi. Ita ta taka cikin layukan zuwa kusurwar rogo, don kawai ta yi nesa da su. A can ta ga butar nan marar murfi, an jefar da ita ta faɗi a gefe, totuwar ta fita tana kusa da ita. A bakin butar, cikin 'yar inuwa, wani ƙaramin kwaɗo ne a zaune, bai kai babban yatsa biyu ba, maƙogwaronsa yana harbawa. Fatarsa ba mai ko kaɗan. Gobe ko jibi magina za su zo.

Ta tsuguna. Ta duba ko akwai leda ko ganye mai faɗi, ba ta ga wanda tsutsa ta bari ba. Ta sa hannu. Sanyinsa ya ratsa ta, ƙurajen suka goge ta a tafi, ya motsa ƙafafu ya saki mata ɗan ruwa a tsakanin yatsu. Ta dantse haƙora ta riƙe shi. Ta saka shi a butar, ta ɗiba masa danshin ƙasa daga gindin rogo inda man bai kai ba, ta mayar da totuwar ta toshe, ta bar masa hancin butar ya sha iska.

A tsakar makaranta Alhaji yana cewa malamai su taru bayan salla a ɗauki hoto, yana tambayar ina Malama 'yar jami'a. Khadija ce kaɗai ta gan ta. Ta dubi butar, ta dubi fuskarta, ta matsa gefe ta ba ta hanya. Ummuhani ta bi ta bayan rumfa, ta wuce buhunan siminti, ta fita ta ƙaramar ƙofa zuwa hayaniyar titi, butar a hannunta tana riƙe da ita nesa da zaninta, ta nufi wajen Miskine, inda Khadija ta ce kwaɗi har hana jin rediyo suke yi.